Wuyan Kunkuru a Wetzlar

Tun a tashar jirgin ƙasa ta Frankfurt ɗan yayata ya fara yi mini tsiya. Wai mutane na zuwa Jamus su ga Berlin, ko su kalli ƙwallo a Dortmund, ni kuwa na taso shi da sanyin safiyar Oktoba za mu wani ƙaramin gari, Wetzlar, mahaifar kyamarar Leica, saboda guntun ƙarfen da bai fi murfin kwalbar man shafawa ba. "Kawu, wannan abin fa ya girmi Kaka," in ji shi, yana juya shi a tafin hannu. Ban musa ba, don gaskiya ya faɗa.

Guntun ƙarfen idon kyamara ne, Elmar mai milimita 50, da na tsinta ranar Asabar a kasuwar gwanjo ta bakin kogin Main. Ita kuwa kyamarar, Leica M9 ce ta hannu, ƙirar 2009, irin wadda ba a leƙa hoto ta cikin idonta. Wata 'yar taga ce a gefe, a tsakiyarta kana ganin abu biyu-biyu, sai ka yi ta murza ido har su haɗe su zama ɗaya, a nan ka san nisa ya daidaita. Abin da ya ja ni ga wannan Elmar shi ne wuyansa. In za ka ɗauki hoto sai ka jawo shi waje, ka murɗa dama ya kulle. In ka gama ka kwance, ka tura, ya shige cikin kyamara kamar kunkuru ya ji motsi, kyamarar ta shiga aljihun kwat. Ni ne na raɗa masa wuyan kunkuru, kuma tun daga ranar Asabar ɗin hannuna ke ƙaiƙayi in tura shi.

Jirgi ya bi da mu ta Giessen, inda yaron yake karatu, cikin kamar awa ɗaya muka sauka Wetzlar. Gefen tasha ba abin kallo, shaguna ne da motocin bas. Sai da muka taka zuwa tsohuwar gadar dutse ta kan kogin Lahn sannan garin ya nuna fuskarsa: gidaje masu gicciyen katako a jikin bango sun hau tudu, babbar majami'ar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana ginawa ba a ƙarasa ba tana bisansu. Na jawo wuya, na ɗauki hoto ya kai goma a kan gadar, ina ta jin kaina.

Dandalin Eisenmarkt muka nufa. A nan Oskar Barnack, ma'aikacin kamfanin Leitz mai ƙera madubin duba ƙananan halittu, ya tsaya a 1914 ya gwada 'yar kyamarar da ya haɗa da hannunsa. Mutum ne mai fama da asma, ɗaukar manyan akwatunan hoto na zamanin yana wahalar da shi, shi ya sa ya nemi abin da zai shiga aljihu, ya sa masa fim ɗin sinima, kowane hoto milimita 24 da 36. Yaƙi ya tsayar da maganar, sai 1925 aka fitar da ita kasuwa da sunan Leica a bajekolin Leipzig, da ido mai shigewa ciki wanda Max Berek ya tsara. Ke nan wuyan kunkuru ba ado ba ne, tare aka haife shi da kyamarar. Akwai wani murfin ƙarfe a ƙasa da ke nuna inda Barnack ya tsaya. Na taka shi, na ɗauki gidan kusurwar nan da kowa ke ɗauka, na sauke kyamara, babban yatsana ya tafi kan ido zai tura.

Wani dattijo da ke zaune kan benci ya ɗaga murya da wata kalma guda. Ba na jin Jamusanci, amma wannan ko akuya aka yi wa ta gane. Na tsaya cak.

Ɗan yayata ya zama tafinta. Ashe dattijon gyaran kyamara ya yi har ya ajiye aiki. Ya miƙo hannu, na ba shi, ya cire idon yana miƙe, sannan ya tura wuyan a hannunsa ya nuna mini bayansa. Wallahi ban taɓa lura da tsawon abin da ke fitowa ta baya ba: bututun ƙarfe ne mai 'yan kunnuwa a bakinsa, waɗanda su ne ke kulle shi in an jawo. Sai ya juyo mini da bakin kyamarar ya ce in leƙa. A sama akwai 'yar taya, ita ce ke bin bayan ido tana gaya wa ma'aunin nisa inda aka tsaya. In ta goce ko da kaurin gashi ne, duk hotunanka sun tashi aiki. A ƙasa akwai ƙwayar auna haske. A tsakiya ga ƙyauren haske, siraran faifan ƙarfe masu buɗewa da rufewa cikin kashi ɗaya bisa 4000 na daƙiƙa, a bayansu kuma sensa, wadda ta maye gurbin fim. Kewaye da su duk an yi bango baƙi, ɗakin ya fi na tsofaffin kyamarorin fim matsi. Ya ce bututun nan an yanka shi ne don ɗakin da babu kowa a ciki sai labulen ƙyalle can ƙurya, yanzu kuwa ɗakin ya cika da kaya masu tsada.

Na ce masa, ta bakin yaron, ai na ji masu irin wannan kyamara da yawa suna cewa sun shekara suna turawa ba abin da ya faru. Ya gyaɗa kai, ya ce ba ƙarya suke ba. Sai dai idanun nan ba tsawonsu ɗaya ba. Elmar na f/3.5 daban, na f/2.8 da ya zo a 1957 daban, Summicron mai shigewa na 1953 daban, ga kuma kwaikwayon da aka yi ta ƙerawa a Tarayyar Sobiyet. Nawa ma mai zare ne na murɗawa, irin na kafin 1954, zobe ne mai kaurin milimita ɗaya ke riƙe shi a bakin kyamarar, don tazarar tsohon baki zuwa fim milimita 28.8 ce, ta sabon baki 27.8. In zoben ba na kirki ba ne, ko wuyan ya saki saboda tsufa, bututun ba ya shiga a miƙe, sai ya karkace ya kankare baƙin fenti, ɓurɓushin ya sauka kan sensa. Littafin da ke zuwa da M9 kuwa bai yi kwana-kwana ba: ido mai shigewa a yi aiki da shi a miƙe kawai, kada a tura shi ciki, ban da Macro-Elmar-M mai milimita 90, wanda ko an tura shi bayansa ba ya kutsawa cikin kyamara.

Matsalar ma, in ji shi, ta girmi zamanin dijital. Kyamarorin fim na Leica, M5 ta 1971 da CL ta 1973, suna da wani ɗan hannu mai ɗauke da ƙwayar auna haske da ke tsayawa gaban labule, kuma tun a lokacin masu su ke naɗa tef a wuyan ido don kada ya shige ya karya shi. Ya ƙara da abu biyu da na riƙe. Ko a kyamarar da turawa ba ta da haɗari, kada a ɗaura ido ko a cire shi yana ture, domin murɗawar nan ita ke sa kunnuwan su share duk abin da suka samu a ciki. Sannan kowace turawa famfo ce, tana hura iska da ƙura ciki. Fim kowane hoto sabon wuri ne, sensa kuwa guda ce, ɗigon da ya zauna zai bi ka cikin kowane sararin sama da ka ɗauka. Nan na tuna hazon hunturu a gida, wanda ko akwati a kulle sai ya shiga.

Kafin ya mayar mini, ya kunna hotunan gada ya ƙara girmansu a allon baya, ya yi murmushi. Duka goman dishi-dishi suke. Na jawo wuyan amma ban murɗa ya kulle sosai ba, ya ɗan koma baya ban sani ba, ita kuwa tagar gefe ba ruwanta, za ta nuna maka komai garau ko da murfi ne a kan idon. Laifina ne ni kaɗai, kuma yaron bai bar ni na manta ba har yamma.

Mun hau bas zuwa Leitz Park da ke gefen gari, inda kamfanin ya dawo a 2014 bayan shekarun da ya yi a Solms. Ginin yana da kyau, ana leƙa masu haɗa idanu ta gilashi, sanye da fararen riguna, ba mai ɗaga kai. Na daɗe gaban tsofaffin kyamarorin da aka jera, kusan duk na farkon da wuyansu a ture, lafiya lau, a gidan da aka gina dominsu. Amma in faɗi gaskiya, rabin awar da na yi a kan benci ta fi mini wannan amfani. Muka samu wani lungu muka haɗa Azahar da La'asar, muka juyo.

A hanya na yi lissafina. Abin da turawa ke rage mini bai wuce faɗin yatsa biyu ba, kuma kwat ɗina ma ba aljihun kirki gare shi ba. Gyaran ƙyaure ko sensa kuwa ya ninka kuɗin idon sau da yawa. Wanda ya auna nasa da ma'auni ya ga yana da sarari, shi ya sani. Ni dai na san hannuna, yana riga hankalina. Dattijon ya ce ko robar ɗaure gashi ta isa, don haka na ja yaron cikin wani shagon kayan kwalliya kusa da tasha. Ya tsaya bakin ƙofa yana cewa, "Kawu, don Allah kai ka biya, kada 'yan ajinmu su gan ni." Na sayi baƙaƙe masu kauri, na naɗa biyu a wuyan Elmar bayan na kulle shi tam.

Da sauran haske, sai muka koma gada a guje na sake ɗauka, wannan karon har tagogin majami'ar ana ƙirgawa. A cikin jirgi yaron ya karɓi kyamarar wai zai ga abin da ya sa ta tsada. Yana magana yana wasa da ita, ina kallon babban yatsansa ya hau kan ido, ya kwance, ya tura. Wuyan ya motsa kaɗan ya tokare da roba. Ya ɗago a tsorace ya dube ni, na miƙa hannu na ce, "Kawo nan, ɗana, kafin mu kai Giessen."