Sallah a kan kujera a Agege

Daga Maradi na zo Legas, da niyyar sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Wata huɗu da zuwana, na diro daga danfo, bas ɗin haya na Legas, tun bai gama tsayawa ba, yadda na ga 'yan gari suna yi. Sai na ji ƙas a gwiwar dama. Hoton MRI ya nuna jijiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke, wadda ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, likitoci na ce mata ACL. Mai ɗori ba shi da abin yi a nan, tunda ba ƙashi ne ya karye ba.

Aka yi aiki, aka ɗebi jijiya daga bayan cinyata aka dasa. Ni Faransanci na ɗan taɓa a lakwal, don haka ɗan Kawu, wato ɗan mai masaukina a Agege, shi ne tafintana a asibiti. Makonni ina dogara sanduna, cinyar ta motse kamar ta yaro.

Bayan wata shida mai gashin ƙashi ta ce gwiwar ta yi ƙwari, ƙwallo ne kawai sai an kai wata tara ko shekara. Na ji, amma zuciyata ba ta yarda ba. Legas kuwa ba garin mai ɗingishi ba ce: ga gadar tsallaka titi a Ojota, ga kwatami, ga kwandasta yana ihu. Ko ina na taka, ƙarar nan ta ranar farko nake jira. Da mai gashin ƙashin ta lura ina jingina nauyina a ƙafar hagu, sai ta sa ni tsayuwa da ƙafa ɗaya, da sauka daga matakala, kullum ana ƙara kaɗan. Ta ce da yawa tsoron sake tsinkewa ne ke hana su komawa wasa.

Duk da haka a kan kujera nake sallah, tare da tsofaffi. Wata asuba Kawu ya riga ni zuwa masallaci, ya miƙa kujerar ga wani dattijo.

"Kawu, gwiwata fa."

"Ɗana, likita ya gyara ta ƙafa. Wadda ta yi sanyi daban ce. Shiga sahu."

Na yi sujada ina rawar jiki. Da muka sallame na shafa gwiwar, tana nan lafiya lau. Kawu bai ko kalle ni ba, carbinsa yake ja.