Harshen Kumandin: abin da mai son naɗe shi ya kamata ya sani

A kudancin Saberiya, a bakin kogin Biya, akwai wata ƙaramar al'umma da ake kira Kumandin. Suna zaune a gundumomin Krasnogorsk da Solton da birnin Biysk a yankin Altai, wasu kuma a gundumar Turochak. Ƙidayar Rasha ta 2002 ta samu mutum 3,114, ta 2010 kuma 2,892. Masu jin harshen sosai ba su kai rabin wannan adadi ba, kuma galibinsu tsofaffi ne. Harshen dangin Turkanci ne, amma makusantansa su ne Chelkan da Tubalar da Shor.

Abin da ya fi cutar da shi suna ne. Shekara da shekaru ana ɗaukar sa karin harshen Altai kawai, har littafin da masani Baskakov ya fitar a kansa a 1972 da sunan karin harshe ya kira shi. Daidaitaccen Altai kuwa a kan maganar mutanen kudancin Altai aka gina shi, alhali Kumandin 'yan arewa ne. An buga littafin koyon karatu na Kumandin da haruffan boko a 1933, amma kafin shekarun 1930 su ƙare an daina koyar da shi, yara suka koma Rashanci. A 2000 gwamnatin Rasha ta sa su a jerin ƙananan al'ummomi 'yan asali.

Wanda ya je naɗar maganar tsofaffin nan da Altai na makaranta a kunnensa, zai riƙa gyara abin da ba kuskure ba. Tsauni a kudu "tuu" ne, a Kumandin "tag". Ruwa a kudu "suu", a nan "sug". Wannan baƙi na ƙarshe tsohon gado ne da kudu ta zubar, arewa ta riƙe. Haka farkon kalma: inda Turkanci ke cewa "yol", wato hanya, Kumandin na farawa da sautin c irin namu. Mai rubutu da ya saba da kudu hannunsa kan share waɗannan ba tare da ya lura ba, kuma su ne ainihin abin da aka je nema.

Sai jituwar wasula. Wasulan asali takwas ne, huɗu na gaba huɗu na baya, kuma ɗafin da aka liƙa wa kalma dole ya bi wasalin tushenta. Baƙin farkon ɗafin ma yana canzawa. Doki "at", dawaki "attar". Mutum "kiji", mutane "kijiler". Ɗafin jam'i ɗaya ne ya sauya riga. Idan ba a gane haka ba, sai a cika ƙamus da ɗafe-ɗafe barkatai.

Wajen naɗar kanta, a yi amfani da tsarin adana sauti na WAV, kilohaz 48, kada a matse sautin zuwa MP3, domin matsewar tana zubar da wani ɓangare na sautin. A maƙala ƙaramin makirufo a ƙirjin mai magana, kamar taƙi ɗaya daga baki. A kashe firji da talabijin. Zama ɗaya kada ya wuce sa'a guda, tsoho yana gajiya, in ya gaji kuma Rashanci ne ke zuwa bakinsa da sauƙi.

Babban tarko shi ne tambaya da Rashanci. Kumandin na ajiye aikatau a ƙarshen jimla, Rashanci kuwa yawanci a tsakiya. Ka ba tsohuwa jimlar Rashanci ta juya maka, za ta ba ka kalmomin Kumandin a jeren Rashanci don ta faranta maka rai. Jerin kalmomi ɗari biyu yana da amfani a ranar farko, don kunne ya saba. Bayan nan a haɗa tsofaffi biyu da suka san juna, a jefa musu zancen da suka rayu a ciki: kakkaɓo 'ya'yan itacen sida a kaka, tonon saiwar kandik (wani tsiro da ake cin saiwarsa), kamun kifi a Biya, yadda ake soya sha'ir a niƙa shi ya zama talkan. Mai naɗa ya yi shiru. A rubuta ƙauyen kowa, domin akwai Kumandin na sama da na ƙasan kogi, kuma bakinsu ba ɗaya ba ne.

Rubutawa ita ce mai cin rai. Minti ɗaya na hira yakan ci rabin sa'a ko fiye a manhajar ELAN ta rubuta maganar da aka naɗa, kuma dole a yi shi tare da mai jin harshen tun yana da rai da lafiya. Yau da haruffan Rashanci ake rubuta shi, tare da ƙari irin su ӧ da ӱ da babu su a allon rubutun Rashanci na wayoyi. Duk Bahaushen da ya taɓa rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa" ya san wannan ciwo. A sa wa jikokin allon da ke da haruffan a wayoyinsu, a kuma bar wa kowane gida kwafin muryar kakarsu kafin a kama hanyar Biysk.