Furen kulla da na raba da abincinsa

Har yanzu idan na ga tukunyar nan a bayan ɗaki sai raina ya sosu, domin da hannuna na kashe abin da na ɗauko tun daga jihar Edo.

A daminar bara na kai wa ƙanena ziyara a birnin Benin, sai wani abokin cinikinsa ya zagaya da mu gonarsa ta roba. A cikin inuwa, inda ganyaye suka lulluɓe ƙasa, saura kaɗan in taka wani fure ja jawur, wanda girmansa bai wuce ƙwan kaza ba, ɓawonsa mai tsini a jere kamar 'yar ƙaramar abarba, ba kara ba ganye, tururuwa suna ta kai-kawo a kansa. Kulla ne, wanda masana tsirrai suke kira Thonningia sanguinea don tunawa da Peter Thonning, mutumin Denmark da ya tattara tsirrai a gaɓar tekun Gana. Da na nemi izinin haƙa, mai gonar ya ce in kwashe duka in ina so, ni kuwa ban tsaya na tambayi dalilin wannan kyauta ba.

Da na tona, na tarar da wata saiwa mai kaurin yatsa tana tafiya a kwance, har ta kai wani wuri inda ta kumbura ta rungume jijiyar bishiyar roba, kamar an ɗinke su. A nan na yi wautar. Na ɗauka sarƙewa ce kawai, na sa wuƙa na raba su, har ina yaba wa kaina cewa ban ji wa furen rauni ba. Tunanina shi ne, tunda ba shi da koren ganye, to irin naman kaza ne da ke rayuwa a kan abin da ya ruɓe, saboda haka da na iso Zariya na cika tukunya da ruɓaɓɓen ganye da taki, na ajiye ta a inuwar mangwaro, ina ban ruwa safe da yamma. Ba a yi mako biyu ba ya yi baƙi, saiwar ta yi laushi tana wari.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na tashi ina cire ƙuduji a gonar dawar mahaifina, na san yadda yake kama saiwa yana tsotse ta, na kuma san kauci a kan ɗorawa, amma na riƙe ɗan'uwansu a tafin hannuna ban gane shi ba. Su dai suna da ɗan koren ganyen da ke taimaka musu. Kulla kuwa ruwansa da abincinsa duka daga jijiya mai rai suke fitowa, ta roba ko ta koko ko ta kwakwar manja. Wannan kumburin da na yanke shi ne bakinsa.

Duk wanda ya ci karo da shi a kurmi, ya durƙusa ya kalla, ya ɗauki hoto, ya bar shi inda yake, domin ko an haɗa da guntun jijiyar, ita ma mutuwa za ta yi da zarar ta rabu da bishiyarta. Da ƙanena ya ba mai gonar labari, dariya ya yi, ya aiko mini da saƙon cewa in dawo in ƙara rage masa.