Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Yunwar ƙarfe biyun dare

Jama'a barkanmu da wannan mako. Wancan satin na tsaya inda na gama wankan jego na koma ɗakina, kunun kanwa da farfesun kaza sun gama aikinsu, rigunan lefena ba wadda ke shiga. Dangin miji sai "kai amarya an samu hutu", ni kuwa in na hau bene sai haki, sikeli ya nuna kilo 94.

Na ɗaura ɗamara. Na bar tuwon dare, na sayi shayin rage tumbi ɗin nan da ba abin da ya tsinana min sai gudawa, cikin wata biyu dai na sauke kilo 7. To daga nan ne fa wata irin yunwa ta taso ni gaba, ƙarfe biyun dare in na tashi ba yaro nono sai kawai in ganni a kicin ina dafa indomie da ƙwai, in cinye a tsaye in zauna ina zagin kaina mayya mara zuciya.

Ɗiyar gwaggona likita ce, ranar da ta zo na faɗa mata ina hawaye. Tai dariya tace "Yaya ba kwaɗayi bane, ƙwaƙwalwarki ce ta ɗauka fari aka shiga." Wai kitsen jiki yana fitar da wani sinadari, leptin, wanda Jeffrey Friedman ya gano a Amurka a 1994, leptin ɗin ne ke kai rahoto can ƙasan ƙwaƙwalwa wajen da ake kira haifotalamus cewa rumbu a cike yake. Kina ramewa leptin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara miki yunwa ta kuma rage ƙona abincin. Shi kuma ciki nasa sinadarin girelin ne, mai kukan a kawo abinci, kuma rashin barci na ƙara shi. Ni da ban samun awa huɗu a jere!

Nace to ke likita yanzu da ƙwaƙwalwar tawa zan yi dambe? Tace a'a lallaɓa ta za ki yi, ki dawo da abincin darenki ki ƙara wake da ganye, in yaro ya yi barcin rana ki bi shi.

Daren na ci tuwo malmala ɗaya da miyar zogale, maigida yana kallona ta gefen ido, don shi ya biya kuɗin shayin. Abin da ya faɗa sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.