Barcin Ɗana Mai Shekara 14

Tun da ɗana ya cika shekara 14, muryarsa ta buɗe, wandunansa suka ɗangale, sai tada shi sallar asuba ya zama jan aiki, har na ɗauka lalaci ne. Daga baya na fahimci cewa a lokacin balaga jiki kan jinkirta sakin sinadarin melatonin mai jawo barci, shi ya sa idonsa biyu har tsakar dare, alhali yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Sashen gaban ƙwaƙwalwa kuwa, mai auna abu kafin a aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.

Na yi nadamar faɗan da na sha yi masa. Yanzu ƙarfe 9 nake karɓar wayarsa, mu taɓa hira a tsakar gida, sannan ya kwanta.