Ƙara wa RAM gudu: inda ake samun riba da inda ake ɓata lokaci

Mutane da yawa suna sayen RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, da aka rubuta gudun 3200 ko 3600 a jikin kwalinta, su sa a kwamfuta, su yi ta aiki ba tare da sanin cewa a 2133 ko 2400 take tafiya ba. Dalili kuwa shi ne madabod yana tashi ne da ma'aunin JEDEC, wato gudun asali da masana'antu suka amince da shi, wanda kowace RAM nau'in DDR4 ke iya ɗauka a 1.2V. Lambar da ke kan kwali sai an kunna ta da hannu. Haka ma DDR5: takan fara daga 4800, ko da 6000 ka biya kuɗinta.

Kunna ta ba wuya. Da kwamfuta ta fara tashi, danna Delete ko F2 ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, nemi tsarin gudun da aka adana a cikin RAM, mai suna XMP idan Intel ce, ko EXPO idan sabuwar Ryzen ce mai DDR5. A tsofaffin madabod na ASUS masu AMD sunanta DOCP, a MSI kuma A-XMP. Zaɓi tsari na farko, danna F10 don adanawa. Wannan tsari yana ɗauke da gudu, lambobin jinkiri da ƙarfin wuta, galibi 1.35V. Idan DDR5 ce, allo yana iya yin baƙi na wasu mintoci yayin da madabod ke daidaita kansa da RAM. Kada ka yi gaggawar kashewa. Bayan ka shiga Windows, duba gudun a manhajar CPU-Z. Idan ka ga 1600 kada hankalinka ya tashi, rabin lambar yake nunawa, 3200 ke nan.

Kafin duk wannan, duba gurbin da ka sa sandunan RAM. Idan biyu ne a madabod mai gurbi huɗu, wurinsu na biyu da na huɗu daga furosesa, wato A2 da B2. Sanda biyu masu 8GB sun fi guda ɗaya mai 16GB sauri, don hanya biyu suke buɗewa. Wannan kaɗai ya fi yawancin dabarun da ake wahala a kansu amfani.

Kada babbar lamba ta ruɗe ka. Ninka CL, lambar jinkirin da ke kan kwali, da 2000 ka raba da gudu, za ka samu jinkiri a nanosakan. 3200 CL16 tana ba da 10, 3600 CL18 ma 10, haka 6000 CL30. Ita kuwa 2133 CL15 kusan 14 ce. A Ryzen 3000 da 5000 akwai wani tarko: RAM tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da Infinity Fabric, hanyar da ke haɗa sassan furosesa: gudunta 1800 idan RAM tana 3600. Ka wuce 3800, yawancin furosesa ba sa iya bi, sai ɓangaren furosesa mai kula da RAM ya koma rabin gudu, jinkiri ya ƙaru. Ka ƙara lamba, aiki ya ragu.

Wa ke cin moriya? Mai kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban, kamar Ryzen 5 5600G, domin ɓangaren hoton da RAM ɗin yake aiki kai tsaye. A nan bambancin a wasanni a fili yake. Masu wasannin da ke matsa wa furosesa ma suna gani. Mai Word, Excel da intanet kuwa ba zai ji komai ba. Yawancin laftof da kwamfutocin ofis na HP da Dell da ake sayowa na hannu BIOS ɗinsu a rufe yake, madabod mai cif ɗin Intel H610 kuwa ba ya barin RAM ta wuce gudun da Intel ta ƙayyade.

Matsalar ita ce RAM marar kwanciyar hankali ba kullum take nuna kanta ba. Wani lokaci shuɗin allo ne, wani lokaci fayil ne zai lalace shiru, sai ranar da ka zo buɗe shi. Don haka gwaji wajibi ne: sa manhajar gwajin RAM ta MemTest86 a filas, bar shi ya zagaya sau huɗu, sannan TestMem5 ko OCCT a cikin Windows. Kuskure ɗaya ma bai halatta ba. Kuma zafi yana rage juriyar RAM. Abin da ya ci gwaji a sanyin hunturu yana iya faɗuwa a zafin Afrilu, musamman idan ƙura ta toshe fanka. Yi gwajin da rana, akwati a rufe. Idan kuskure ya fito, sauka mataki ɗaya, daga 3600 zuwa 3466 ko 3200. Idan kwamfutar ta ƙi tashi sam, zare wuta, cire ɗan batirin CR2032 da ke kan madabod na ɗan lokaci, BIOS zai koma yadda yake.

Ga masu Ryzen 7000, a sabunta BIOS tukuna. A 2023 wasu furosesa sun ƙone saboda wutar SoC, wato wadda ke zuwa ɓangaren furosesa mai kula da RAM, ta yi yawa, AMD ta kafa iyaka a 1.3V. A yi sabuntawar da UPS ko inbata, don ɗaukewar wuta a tsakiya tana iya kashe madabod.

Gyara lambobin jinkiri ɗaya bayan ɗaya da hannu yana cin kwanaki na gwaji, ribarsa kuma kaɗan ce. Wanda kwamfutarsa ke riƙe da aikin mutane ko lissafin shago ya tsaya a XMP ɗin da ya ci gwaji.