Sabuwar taya ma tana kayar da mutum

Duk mai babur ya san idan taya ta suɗe canza ta ake yi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sabuwa fil ta fi tsohuwa santsi, domin daga kamfani take zuwa da wani sheƙi a jikinta, sai kwalta ta goge shi sannan take kama ƙasa.

A Sabon Garin Zariya na sayi tayar gaba da ta baya na Boxer ɗina. Na duba lambobi huɗun nan na gefe masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, don kar a haɗa ni da kwantai. Mai faci ya ɗaura, kibiyar da ke jikin tayar na kallon gaba. Kamfanonin taya suna cewa a lallaɓa kilomita 160 na farko, ba fizgar wuta, ba taka birki da ƙarfi. Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne, da ɗaurin aure ya taso a can sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na je na dawo a hankali, na ɗauka an gama.

A wani shataletale a Tudun Wada abin ya faru, bayan ɗan yayyafi. Ba gudu nake ba wallahi. Ina kwantar da babur kawai na ji baya ya zame, sai ga ni a ƙasa. Madubi ya fashe, hannun kuloci ya karye, gwiwa ta sale. Wani dattijo ɗan acaɓa ya taya ni ɗagawa, ya tsuguna ya shafa tayar da babban yatsa.

"Sannu Malam. Ina ka kai ta?"

"Kaduna, Baba."

"Ai miƙaƙƙiyar hanya ce. Tsakiya kaɗai ta ci, dubi gefe."

Na duba. Tsakiyar ta dushe ta yi kaushi, amma gefe da gefe na ƙyalli kamar sabon faranti, har 'yan gashin roban nan suna tsaye. Kilomita 160 a miƙe, ashe ɓangaren da ake kwana a kansa bai taɓa kwalta ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai na biyun ne. Da aka sa gejin auna iska, iskar baya ta haura 40, alhali wajen 28 ake so in kai kaɗai ne, 32 in da goyo. Mai faci ya ɗura iska da yawa don taya ta zauna a kan rim, bai rage ba, ya danna da yatsa ya ce ta yi. Taya mai tauri haka kaɗan take taɓa ƙasa. Gefe mai sheƙi, ga iska ta yi yawa, ga ruwa a kan man da motoci ke ɗigarwa.

Wasu sun ce in goge da fetur. Ban yi ba, fetur cin roba yake. Na wanke da ruwa da sabulu, na rage iska, sannan na riƙa fita da sassafe titunan Samaru kafin ɗalibai su cika hanya. Sai taya ta ɗau ɗumi nake fara kwana, dama da hagu, yau kaɗan gobe in ƙara, ina tsayawa ina duba inda sheƙin ya koma. Hagun ta fi ba ni wahala, don a nan na faɗi, jikina ƙin kwanciya yake yi. Geji kuwa na sayi nawa, yana cikin akwatin babur.